Yini guda a wuraren tarihin sarakunan Chola: jagora ya burge ni, direba ya ɓata min lissafi

Jinyar yayana ce ta kai ni Chennai, a kudancin Indiya. Da likita ya ce sai bayan kwana goma za a sake duba shi, sai na ce bari in ɗan sarara. Na biya wani kamfanin yawon buɗe ido kuɗin mota da ɗan jagora na yini guda, don in ga manyan wuraren bauta uku da daular Chola ta bari a jihar Tamil Nadu. A jirgin ƙasa na kwana, da safe direba ya ɗauke ni a tashar Thanjavur.

Ko ɗan jagoran kaɗai aka ba ni, kuɗina sun fita. Dattijo ne mai sanyin murya. Muna shiga harabar Brihadisvara, wurin bautar Hindu da ke Thanjavur kuma na farko cikin ukun, kowa ya ɗaga kai yana kallon hasumiyar da ta haura mita 60, shi kuwa ya ja ni gindin bango, yana bin rubutun Tamil da ɗan yatsa. Sarkin Chola Rajaraja na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 985 zuwa 1014, shi ya kammala ginin a 1010, kuma ya sa an sassaƙa abin da aka ba wurin: zinariya, gonaki, dabbobin da ake samun man fitila daga nononsu, har da sunayen mata 400 masu rawa. Littafin ma'aji ne sukutum a jikin dutse. Kuma yankin ƙasar shinkafa ce ta kogin Kaveri, babu irin wannan dutsen a kusa, daga nesa aka jawo shi.

Wuri ɗaya ya zuƙa. Wai inuwar hasumiyar ba ta taɓa sauka ƙasa. Na ce, "Baba, wannan da muke fakewa a cikinta fa?" Ya yi dariya ya ce baƙi ne ke son jin haka. Af, ku tafi da safa mai kauri. Ana cire takalmi tun daga ƙofa, kuma kafin azahar daɓen ya zama kasko.

Bayan nan ne lissafi ya rikice. Direba ya tsaya da ni a wani shagon gumakan tagulla da ba ya cikin tsari, aka shafe fiye da awa ɗaya ana yi min talla. Wurin bauta na biyu, wanda ke Darasuram, sai leƙawa muka yi. Na dai yaba masa abu guda: da na ce zan yi salla, bai yi musu ba ya nemo min masallaci a garin Kumbakonam da ke kusa.

Rana ta yi ja muka isa Gangaikonda Cholapuram, garin da na ukun yake, alhali nan na fi ɗokin gani. Rajendra ɗan Rajaraja ya kafa shi bayan rundunarsa ta kai kogin Ganges, kuma shi ne ya tura jiragen ruwa suka far wa daular Srivijaya ta Sumatra a 1025. Nan ce fadar Chola kusan shekara 250, har maƙwabtansu 'yan daular Pandya suka kawo ƙarshensu a 1279. Yau ƙauye ne shiru, fadar ma sai burbushin tubali. Minti ashirin na samu.

Mai niyyar zuwa ya nemi tsarin kwana biyu, kuma ya sa a rubuta masa a takardar biya cewa babu tsayawa a shago.