Ranar da duba-garin Landan ta shigo kicin ɗinmu

'Yan uwa na Kaduna, ina gaisuwa. Ina aiki a kicin na wani gidan abinci a Landan, kuma abin da na gani kwanan baya ya hana ni yin shiru.

Muna tsakiyar girkin rana wata yarinya ta shigo, ba sanarwa, ta nuna katin ƙaramar hukuma. Sai da ta wanke hannu kafin ta taɓa komai. Ta buɗe firij ta saka ma'aunin sanyi, don doka ta ce kada ya wuce digiri 8. Ta soka wani a tukunyar miya, ita kuma kada ta gaza 63. Ta durƙusa da tocila tana neman kashin ɓera a bayan murhu. Da ta ga ɗanyen naman kaza a saman dafaffe, nan take aka zubar. Maigidanmu, dattijo da furfurarsa, yana tsaye hannu a baya. Ya miƙa mata shayi, ta ce ta gode, ba ta sha ba.

Maki suke bayarwa daga 0 zuwa 5, hukumar kula da tsaftar abinci ta ƙasar, wato Food Standards Agency, ta saka shi a intanet, kowa ya duba a wayarsa kafin ya shigo. Namu ya sauka, ciniki ma ya bi shi.

Gaskiya akwai takura. Kullum safe sai ka rubuta sanyin firij a littafi, kowane mazubi da kwanan wata, abubuwa 14 da ke tayar wa wasu da ciwo sai ka haddace su. Naman kuma ya daɗe a ƙanƙara, ba ɗanɗano. Wallahi wani daren tsiren Tudun Wada nake tunawa har barci ya gagare ni.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari da ke shiga gida har ya leƙa randa. Yau mai tuwo a tashar mota da ruwa ɗaya take wanke kwanuka tun safe, mu ci, damina ta zo da amai da gudawa, mu ce ƙaddara. Lambar NAFDAC muke dubawa a jikin fiya wata, amma wa ke duba tukunyar da ake zuba mana? Na san matsalar wuta, firij ba ya aiki sai da ita. To rufe nama daga ƙuda fa, da sabulu a bakin buta? Kuma mai saye ne ke fara cewa a bar baiwar Allah ta nemi abincinta idan jami'i ya yi magana.