Kunnena ni kaɗai ko falon gida duka: abin da na saya da naira dubu 400

Wata takwas na yi ina cire wani abu daga albashi da kuɗin darasin yamma ina ajiyewa, har suka kai naira dubu 400. Niyyata tun farko in sayi babban hedifon, irin mai rufe kunne ruf ya kashe hayaniya. Janaretan maƙwabcinmu ne ya sa min wannan buri. Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare a nan Kano, kuma sai dare ya yi, yara sun kwanta, nake samun sukunin duba takardun ɗalibai. Tsakanin tagar ɗakina da injin nan bai fi taku goma ba. Ban ga laifin bawan Allah ba, shi ma zafi yake gudu da iyalinsa, amma akwai daren da sai na karanta amsar yaro sau uku kafin in gane abin da ya rubuta.

Ƙanina da ke aiki a Abuja ya zo ƙaramar Sallah, na ba shi labarin abin da nake shirin yi. Sai ya buɗe jakarsa ya ɗauko nasa ya ce, "Yaya, riƙe wannan ka gwada. Nan da sati biyu zan dawo ɗaurin aure, sai in karɓa. Kada ka zuba kuɗinka a kan abin da ba ka kwana da shi ba." Sony WH-1000XM4 ne, wanda ya fito a 2020 a kan dala 350. Bayansa an yi XM5 a 2022 a kan dala 400, sai XM6 a 2025 a kan dala 450, to amma tunda dala ta haura naira 1,500 a 2024, XM4 ɗin ne kaɗai kuɗina zai iya taɓawa, shi ma sai na zazzage aljihu kaf.

Daren farko ba zan manta da shi ba. An ɗauke wuta wajen ƙarfe goma, injin ya tashi, na ɗora hedifon a kai na danna maɓalli. Gurnanin nan da ke shiga har cikin ƙirjina ya janye, kamar an ɗauke janaretan an kai shi bayan layi. Ban ma kunna komai ba, shirun kawai na zauna ina saurare. Yadda abin ke aiki shi ne, akwai ƙananan makirufo a jikinsa da ke ɗaukar ƙarar waje, sai na'urar ta haifar da kishiyar wannan ƙara ta tura cikin kunne, su haɗu su kashe juna. Shi ya sa ya fi ƙarfi a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin ta janareta da fanka da injin jirgi. Kukan jariri ko hon ɗin mota kuwa yana rage su ne kawai, ba ya shafe su. A daren na gama takardu 46 kafin sha biyu.

Sautinsa ma babu abin cewa. Idan ana kiɗan gurmi, kana jin yatsa na taɓa tsirkiya, kana jin numfashin mai waƙa kafin ya ɗauki baiti. Batirinsa na kai awa 30 da kashe hayaniya a kunne, cajin minti 10 kuma na ba da kusan awa 5, wanda ba ƙaramin abu ba ne a unguwar da wuta ke leƙowa ta koma. Ko batir ya mutu, akwai waya da za ka jona a ci gaba da ji. A sati biyun nan sau biyu kacal na yi masa caji.

Da gari ya waye ne na fara ganin inda ni da shi ba mu dace ba. Watan Afrilu ne, zafin Kano na kai maki 40. Kushin da ke zagaye kunne, komai laushinsa, rufi ne, kuma duk babban hedifon haka yake. Minti talatin da rana sai in ji gumi na bin bayan kunnena. Sannan ga hula. Ni ba na fita ba hula, shi kuma maɗaurinsa ta tsakiyar kai yake bi, ko dai ya danne hular ya karya mata kari, ko in cire ta in riƙe a hannu. Lokacin alwala sai na nemi inda zan ajiye shi nesa da ruwa, domin ba a yi shi don jure jiƙa ba. A cikin Adaidaita Sahu kuwa sau ɗaya na sa shi na cire. Garin da ake fama da masu ƙwacen waya, ba hikima ba ce mutum ya ɗora albashin wata da watanni a kansa kowa na gani, kuma ya toshe kunnen da zai ji motsin bayansa.

Duk waɗannan da zan iya haƙuri da su, in bar shi a matsayin kayan dare. Abin da ya juya min tunani a falo ya faru. Ina zaune da hedifon a kai ina shirya darasin gobe, Hajiya mahaifiyata na kallon shirin da malamai ke amsa tambayoyi. Sai da 'yata ta taɓa ni na ɗago. Ashe sau uku Hajiya na kirana. Ta ce, "Kai, ƙara min maganar nan, ina jin ƙara amma ba na gane me yake faɗa." Na duba, murya na kan 78. Talabijin ɗin har karkarwa yake, amma kalmomin a cakuɗe suke fita. Na tsaya ina kallonta ta karkato da kunnen dama wajen allo. Ga ni da sauti mafi kyau da na taɓa ji a rayuwata, ni kaɗai, ga mahaifiyata a gefena tana roƙon a ƙara mata abin da ƙari ba ya gyarawa.

Matsalar ba ta talabijin ɗinmu kaɗai ba ce. Waɗannan sirara na zamani ba su da wurin da za a sa lasifika mai girma, sai a maƙala 'yan ƙanana a ƙasa ko a baya, suna fuskantar bango ko tebur. Sautin sai ya bugi wani abu kafin ya iso gare ka, kuma baƙaƙen da ke bambanta kalma da kalma su ne ke fara ɓacewa a hanya. Tsohon akwatin talabijin ɗinmu mai ƙeya ya fi wannan fitar da magana, don lasifikarsa gaba take kallo.

Da ƙanina ya dawo na miƙa masa kayansa na yi godiya, na raba kuɗin gida biyu: doguwar lasifikar nan da 'yan kasuwa ke kira saunba, da 'yan ƙananan na kunne marasa waya, waɗanda kowa ke ce wa iyafod ko wane kamfani ne ya yi su.

Saunba na fara nema, a Sabon Gari. Kowane shago na shiga, sai yaron shago ya saka kiɗa ya murɗe wufa, wato lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, har gilashi na rawa, ya nuna min lambar wat a jikin kwali. Wani kwalin ma an rubuta dubbai a kan abin da bai fi tsawon hannuna ba. Ni kuwa na je da labaran rediyo da na ɗauka a wayata, muryar mace da ta namiji. Na ce wa mai shagon, "Alhaji, a kashe kiɗan nan, wannan nake so in ji, kuma a rage murya." Ya ce, "Malam, ai ba a gwada sifika da labarai." Na ce ni don labarai zan saya. A nan aka rabu: masu rugugin da yawa sai maganar ta nutse a cikinsu, kamar mai magana daga cikin randa.

Na tsaya a kan Sony HT-S100F. Tsawonta santimita 90, wat 120, lasifika hagu da dama, babu wufa daban. Tana karɓar HDMI da wayar haske (wadda ake kira optical) da filashi da Bluetooth. Abin da ya saye ni wani maɓalli ne a rimot ɗinta da ke ɗago muryar mai magana sama da sauran sauti. Akwai kuma na dare, mai daidaita ƙara don kada tallace-tallace su tashi mai barci. Wanda ke son ƙasa ta girgiza idan an ci ƙwallo, ko mai son gidan biki a falonsa, wannan ba tasa ba ce, ya nemi mai wufa. Amma a wasan Firimiya ina jin mai sharhi daban, ihun 'yan kallo daban, ba kamar da ba da suke zuwa a dunƙule.

Wajen haɗawa akwai abin lura. A bayan talabijin rami ɗaya ne daga cikin ramukan HDMI aka rubuta wa ARC, a nan ake sa wayar. Sannan a shiga saiti a kunna abin da ke barin na'urorin biyu su yi magana da juna. Samsung na kiransa Anynet+, LG na kiransa SimpLink, Sony kuma Bravia Sync. Idan an yi haka, rimot ɗin talabijin shi zai riƙa ƙara murya da ragewa, kuma su kunnu tare su mutu tare. Ga tsohuwa wannan shi ne komai, don da rimot biyu ne da Hajiya ba za ta taɓa ta ba. Ƙaramar inbatarmu na ɗaukar ta tare da talabijin da fanka ba tare da kuka ba. Na kuma saya mata abin kariya daga wuta mai ƙarfi, saboda yadda ake dawo da wuta a unguwarmu ya taɓa ƙona mana firji.

Amfanin da ban yi tsammani ba maiɗakina ce ta gano shi. Da asuba takan haɗa wayarta ta Bluetooth ta saka karatun Alƙur'ani, yara na bi suna tilawar haddarsu kafin a tafi makaranta. A da a bakin wayar suke cunkushewa su uku.

Na kunne kuma a Farm Centre na saya, Soundcore Liberty 4 NC na kamfanin Anker, wanda ya fito a 2023 a kan dala 100. Kafin in biya na sauke manhajar kamfanin a wayata na haɗa a gaban mai shago, domin jabu sun yi yawa kuma kwalinsu ba ya bambanta da na gaske, amma da wuya manhaja ta karɓi na jabu. Yana yin awa 8 da kashe hayaniya a kunne, akwatinsa na ƙarasa shi zuwa awa 40. Yana jure gumi da yayyafi. Yana shiga aljihun gaban riga, hula na zaune daram, lokacin alwala in zare in jefa a akwati. A hanya guda ɗaya nake sawa, ko in kunna yanayin da ke shigo da sautin waje don in ji mai Adaidaita idan ya ce a miƙo kuɗi.

Ba zan ce ya kamo babban hedifon ba, don bai kamo ba. A kunnena yana kashe kamar kashi biyu cikin uku na gurnanin janareta, sauran sai na ɗora karatu ko kiɗa a hankali kafin ya ɓace. Sautinsa a tsakiyar kai yake zama, na hedifon kuwa kamar a ɗaki yake kewaye da kai. Bayan awa biyu ramin kunnena na neman hutu. Sai da na gwada robobin da ke cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya na gane kunnena na hagu ya fi son babba, na dama matsakaici, kuma kafin in dace da wannan rabin aikinsa kawai yake yi. Na kuma san ƙananan batura irin waɗannan 'yan shekaru suke yi su gaji, ba a canza su cikin sauƙi, alhali babban hedifon ana sake masa kushin a ci gaba da amfani. Wanda ke aiki a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki, ko mai yawan hawa jirgi kamar ƙanina, ko ɗalibin da ke zaune shi kaɗai ba shi da falo ba shi da talabijin, in ya tambaye ni zan ce ya sayi babban, ba zai yi da-na-sani ba.

Akwai abu ɗaya da su biyun suka yi min daidai wa daida. Da tsohon iyafis ɗina mai waya, sai na ƙure murya kafin in rinjayi hayaniyar titi. Yanzu ba na wuce rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da cutarwa ba, kuma da an haura haka lokacin ke raguwa da sauri. Ta kuma yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ina ganin ɗalibaina da abu a kunne, ina jiyo kiɗansu daga inda nake tsaye, ga kuma Hajiya a gida tana karkato kai. Na fara yi musu maganar a aji.

Watanni ke nan yanzu. Muryar talabijin ta sauko daga 78, kuma ran nan Hajiya ce ta gyara min sunan garin da aka faɗa a labarai. Sai dai na lura har yanzu idan aka yi mata magana ta ɓangaren hagu ba ta juyowa, kuma wannan ba aikin lasifika ba ne. Canjin da ya rage daga dubu 400 ɗin na ƙara wani abu a kai, na karɓo mata kati a asibitin kunne. Ranar Talata za mu je a auna jinta.