Zoben Claddagh da na siyo a Galway, bayan wata takwas a hannuna

Tun ranar da na ga zoben nan a yatsan wata abokiyar aikina 'yar Ireland raina ya biya, hannaye biyu ne sun tallafo zuciya, a saman zuciyar kuma ga kambun sarauta. Hannayen abota kenan, zuciyar soyayya, kambun kuma riƙon amana. Da muka je hutu Galway, wani birni a Ireland, sai na siyi na azurfa yuro 45, a cikinsa an buga 925, lambar da ke nuna ingancin azurfar, da ɗan hatimin ofishin da ke tantance azurfa da zinare a Dublin, babban birnin ƙasar, in za ki siya ki duba wannan hatimin dan Allah, na jabu sun cika intanet.

Sunan daga Claddagh ne, tsohuwar unguwar masunta a bakin teku nan gefen Galway. Labarin da suke bayarwa shi ne wani Richard Joyce 'yan fashin teku suka kama shi aka siyar da shi bawa a Aljeriya, ubangidansa maƙerin zinare ne, a nan ya koyi sana'ar, da aka sake shi a 1689 ya dawo gida ya fara ƙera irin wannan zoben. Almara ce ko gaskiya ni dai ta burge ni. Daga baya yunwar da ta fara a 1845 ta kori mutanen Ireland da yawa zuwa Amurka, suka tafi da zobbansu, shi yasa har yau jikokinsu a can suke ji da shi, uwa ta ba 'yarta ita ma ta ba tata.

To amma abin da mai shagon bai gaya min ba, ashe zoben nan magana yake! Na saka a hannun dama tsinin zuciyar na kallon waje, da na koma aiki abokiyar tawa tana gani ta fashe da dariya wai ai tallar kaina nake, ma'anarsa ban da kowa ƙofa a buɗe take, ni da 'ya'yana biyu fa. In tsinin ya kallo ki a hannun dama an yi kamu, a hagu yana kallon waje an sa rana, a hagu yana kallonki kuma matar aure ce. Nan take na juya shi, maigida har yau tsokanata yake.

Matsalarsa kambun nan, ya ja min zaren mayafi ya fi sau uku har ɗaya ya lalace, sannan sabulu da ƙullun fulawa suna maƙalewa tsakanin yatsun hannayen zoben sai na sa tsohon buroshi, wajen alwala ma sai na ɗan motsa shi ruwa ya shiga. Azurfar ta ɗan dushe amma ina gogewa take dawowa. In zan ƙara siya wanda kambunsa ya kwanta zan nema, ƙanwata ma ta ce in taho mata da ɗaya da sallah.