Minti Ɗaya da Rabi a Dandalin Jirgi: Bitar Dark Zone na The Division

Wasan The Division ya fito ranar 8 ga Maris 2016 a kan PlayStation 4 da Xbox One da kwamfuta, daga kamfanin Ubisoft, kuma ɗakin aikinsa na Massive da ke birnin Malmö a Suwidin ne ya gina shi. Labarinsa na faruwa ne a New York cikin hunturu, bayan an shafa wa takardun kuɗi ƙwayar cutar agana da aka sarrafa, annoba ta bazu, hukuma ta rushe, aka tura jami'an sirri su maido da doka. Mafi yawan wasan harbi ne da tara makamai da ɗaga matsayi har zuwa mataki na 30, wanda duk mai haƙuri zai iya kammalawa. Abin da ya bambanta shi da tsararsa, wanda kuma shi na zo bita, shi ne yankin da aka kewaye da katanga a tsakiyar Manhattan, wato Dark Zone.

A cikin labarin, nan ne aka killace marasa lafiya kafin sojoji su janye su bar kayansu a baya. A cikin wasan kuwa, nan ne wurin da 'yan wasa har 24 suke haɗuwa a fili ɗaya, kowa yana iya taimakon ɗan'uwansa, kowa kuma yana iya juya masa bindiga. Maƙiyan da kwamfuta ke sarrafawa sun fi na waje ƙarfi, ganimar da suke zubarwa ma ta fi kyau, amma duk abin da aka tsinta gurɓatacce ne, ba a iya amfani da shi sai an fitar da shi an tsabtace. Da zarar mutum ya ɗauki ko da abu ɗaya, sai wata jaka ruwan ɗorawa ta bayyana a bayansa, kowa na ganinta daga nesa. Wanda aka kashe kafin ya fitar da jakar zai bar abin da ke ciki a ƙasa, ya kuma yi asarar wani kaso na kuɗin yankin da makin matsayinsa.

Hanyar fitar da kayan ita ce ginshiƙin tsarin duka. Dole ne mutum ya je ɗaya daga cikin dandalin da aka ware, ya harba harsashin haske sama don kiran jirgi mai saukar ungulu, sannan ya jira sakan 90. A daidai lokacin da ya harba, sanarwa tana fita a taswirar duk wanda ke yankin, maƙiyan kwamfuta kuma suna kwararowa ta kowace kafa. Idan jirgin ya iso ya saki igiya, jaka huɗu kawai take ɗauka, kuma ɗaura jaka yana cin 'yan daƙiƙu waɗanda mutum ba ya iya harbi a cikinsu. Ban taɓa ganin wasan da ya mayar da jira ya zama abin bugun zuciya irin wannan ba. Na tuna wani dare da na tsaya a dandalin ni kaɗai da jaka cike, sai ga wani ɗan wasa da ban sani ba ya fito daga lungu, muka yi cirko-cirko kowa da bindiga a hannu, babu wanda ya ce uffan ko da yake wasan yana barin na kusa su ji muryar juna. Da maƙiya suka kayar da ni, shi ne ya tashe ni, ya kuma tsare mini baya har na ɗaura jakata. Bayan kwana biyu wani baƙon ya yi mini irin wannan alherin, ya bari sai da hannuna ya kai kan igiya sannan ya harbe ni. Dukansu biyu sun yi wasa ne bisa ƙa'ida, kuma rashin sanin wanne daga cikinsu ne ke gabanka shi ne ainihin abin da yankin yake sayarwa.

A tsarin farko, wanda ya harbi ɗan'uwansa yana zama ɗan tawaye, alamar ƙoƙon kai ja tana bayyana a kansa, a sa lada ga wanda ya kashe shi. Idan ya ci gaba da kisa matsayinsa yana hawa har ya kai ga farauta ta gama-gari, inda duk yankin ke binsa, shi kuma yana da babban lada idan ya tsira har wa'adinsa ya ƙare. Waɗanda suka gina wasan sun sake wa wannan tsari fasali sau da yawa. Sabuntawar 1.2 ta Mayu 2016 ta ba da damar yanke igiyar jirgi, ta yadda ko jakar da aka riga aka ɗaura ba ta tsira ba sai jirgin ya tashi, kuma a ganina wannan gyara ne mai kyau domin ya tilasta wa mutum ya tsaya ya kare dukiyarsa har ƙarshe. Sabuntawar 1.8 ta Disamba 2017 kuwa ta wajabta wa mai son tawaye ya danna maɓalli ya bayyana niyyarsa kafin harsashinsa ya yi tasiri. Na fahimci dalili, domin a da kuskuren harsashi ɗaya cikin hargitsi yakan mayar da mai gaskiya abin farauta, har wasu sukan shiga gaban bindigar mutum da gangan don su sami hujjar kashe shi. Duk da haka gyaran ya rage wani abu mai daraja, tun da cin amanar da aka yi wa shela ba ta da zafin wadda ta zo ba zato.

Babban aibin yankin shi ne rashin daidaito. Da yake wasa ne na tara kaya, wanda ya shafe watanni yana gina sulkensa yakan shanye harsasan sabon shiga ba tare da ya girgiza ba, kuma ƙungiyar mutum huɗu da suka saba da juna tana iya mamaye dandalin jirgi ta hana kowa fitar da komai. Mai wasa shi kaɗai yakan koma yin laɓe da kiran jirgi a wani dandalin don ya karkatar da hankalin mahara. A watannin farko masu maguɗi da manhajojin zamba sun kuma addabi masu wasa a kwamfuta. Akwai wani abin da ya shafe mu musamman: wasan ba ya aiki sai da intanet a kowane lokaci, kuma ɗan jinkirin layi ko ɗaukewar wuta a cikin sakan 90 ɗin nan yana iya cinye wahalar awa guda.

The Division 2, wanda ya fito a Maris 2019 ya koma Washinton, ya yi ƙoƙarin magance rashin daidaiton ta hanyar raba yankin gida uku ƙanana, da rage 'yan wasa zuwa 12, da daidaita ƙarfin makamai tsakanin manya da ƙanana. Ya fi adalci, amma ƙanƙantar filayen ta kawar da faɗin titunan dusar ƙanƙara na farkon, inda mutum yakan yi tafiya mai nisa yana jin harbi daga nesa bai san ko na wane ne ba.

Idan aka gwada shi da Escape from Tarkov, wani wasan harbi inda mutuwa kan raba mutum har da bindigar da ya shigo da ita, Dark Zone ya fi sassauci, domin kayan da ke jikin ɗan wasa suna nan, abin da ya tsinta ne kawai ke cikin haɗari. Wannan ya sa nake ganinsa ƙofar shiga mafi dacewa ga wanda bai taɓa gwada irin waɗannan wasanni ba. Shawarata ita ce a fara da na 2016, a kammala labarin a kai mataki na 30, a nemi abokai biyu ko uku da layin intanet mai ƙarfi, sannan a riƙa kiran jirgi tun jakar ba ta cika ba.