Sharhina kan injin Toyota 5K da aka sa mini a Lotus Seven ƙirar Yamai

In kana da niyyar ƙera irin motocin tseren nan na da kuma kana ta lissafin injin da za ka sa, to ni dai Toyota 5K ne a tawa, kuma bayan ya ga zafin Afrilu ya ga damina ina ba shi bakwai cikin goma. Garajin da ya haɗa motar kuwa sai na raba mishi maki biyu, walda tara, aikin waya da lantarki huɗu, huɗun ma na yi kara ne saboda mai garajin dattijo ne.

Motar kwafin Lotus Seven ce, wadda Colin Chapman ya fito da ita a Ingila a 1957, daga baya a 1973 kamfanin Caterham ya sayi izinin ci gaba da ƙera ta kuma har yanzu suna yi. Kujera biyu, ba ƙofa ba rufi, ƙashinta bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu na milimita 25 da aka yi wa walda aka lulluɓe da falan aluminiyam, shi ya sa cikin duk tsoffin motocin tsere ita ce mai walda na nan gida zai iya tunkara ba tare da an kawo jiki daga waje ba. Hancinta da marufin tayoyi ne kawai ke da lanƙwasa mai wuya. Ƙarfen duk a kasuwar Katako muka saye shi.

Ni da farko 4A-GE nike so, injin Corolla AE86 da ta fito a 1983, lita 1.6, soupape (bawul) 16, ƙarfin doki ɗari da ashirin da 'yan kai, wanda duk mai ƙera irin wannan mota a waje ke yabo. Da na faɗa wa mai garajin sai ya ce, "Ɗana, in ya tsaya maka a hanyar Filinge wa za ka kira?" Na ce Baba ai Toyota ne. Ya ce Toyota ne amma na kwamfuta, kuma wanda ke miƙe daga gaba zuwa baya yana tura tayar baya ba ya nan a Feray, kasuwar tsoffin kayan mota, sai dai a yi oda, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa, kuɗin ɗauko shi kaɗai ya sayi wani injin. Nan ne maganar take gaskiya, don mutane suna mantawa Seven tayar baya ke tura ta, injin yana miƙe ne daga gaba zuwa baya, bwat, wato akwatin canza bites, a bayanshi, sandar kardan ta tafi pon mai juya tayoyin baya. Injinan da suka cika garin nan na Starlet da Corolla na taksi duk a gicciye suke suna jan tayar gaba, arha gare su kuma kayansu ko'ina, amma kafin ka miƙar da ɗaya ka samo mishi bwat da zai kama ka gyara karter, wato kaskon mai na ƙarƙashin injin, da hanyar ruwa, arhar ta gudu.

Sai muka koma kan waɗanda dama tayar baya suke turawa. Na Peugeot 504 mai lita 2 ya ja hankalina ƙwarai, mota ce da ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, an kuma daɗe ana haɗa ta a Kaduna, duk tsohon makaniki ya san shi ido rufe, amma a kishingiɗe yake sosai, faɗinshi ya fi ƙarfin wurin da ke tsakanin bututun shasi. Na Mercedes 190 da 22R na Hilux tsawo da nauyi suka kayar da su, sai an yanka kapo kan injin ya leƙo waje, kuma in ka ɗora wa gaban mota mara nauyi irin wannan ƙarfe to a kwana hancinta zai riƙa miƙewa kana murza sitiyari tana ƙi.

Haka muka faɗo kan 5K na Liteace, ƙaramar bas ɗin Toyota. Santimita kib 1486, soupape takwas, karburato, delko mai raba wa buji wuta, sarƙa ce ke juya shi ba kuruwar da za ta tsinke maka ba, dokinshi bai wuce saba'in ba. Na san wani zai yi dariya ya ce motar tsere da injin ɗaukar kaya, to ya tuna Seven ta farko injin Ford mai santimita kib 1172 aka sa mata wanda bai wuce doki 40 ba, dabarar Chapman dama rage nauyi ce ba ƙara doki ba. Tawa da muka ɗora ta a sikeli kilo ɗari shida da kaɗan ta yi, wato kusan rabin nauyin Liteace ɗin da injin ya saba ja, ban da buhunan da ake labta mata. Daga tsaye zuwa kilomita tamanin a awa tana tashi kamar an tsikari ɗan akuya, kuma da yake gindinka kusan ƙasa yake iska na dukan fuskarka, tamanin ɗin ji kake ka kai ɗari da hamsin. Bayan ɗari kam numfashinshi ya ƙare, ƙara kawai yake yi, wanda ke son gudun dogon zango ba nashi ba ne.

Bwat na Liteace ba mu yi aiki da shi ba, don a can direba bisa injin yake zaune, sanduna ne ke zuwa ta gefe suna canza bites. Na tsohuwar Corolla KE70 muka nemo tare da pon ɗinta, ya kama bayan injin ba tare da an huda komi ba tunda dangi ɗaya ne, kuma sandar ta fito daidai inda hannun dama ke sauka. Wannan shi ne abin da ya fi daɗi cikin aikin duka, kuma Baba ne ya san da shi ba ni ba.

Babban aibin 5K a wannan mota zafi ne, kuma ba wai zafin ruwa kawai ba. Injin nan hanyar shigar mai da ta fitar hayaƙi gefe ɗaya suke, karburato na zaune bisa bututun hayaƙi, kuma gefen nan shi ne na direba, inda sandar sitiyari ke wucewa, inda ƙafafunka suke. A cikin Liteace akwai fili, a nan kuwa komi a matse ƙarƙashin aluminiyam. Lokacin zafi da rana ke haura digiri 43 in na kashe ta na ɗan sha shayi na dawo ba ta tashi, esans ya tafasa cikin karburato, kana buɗe kapo ka ji warinshi har kana jin ɗan sautin tafasar in ka kasa kunne, sai ka jira ko ka jiƙa tsumma ka ɗora. Roban takalmina na dama ma ya yi laushi ya manne da feda. Abin da ya gyara shi, an sa falan aluminiyam tsakanin karburato da bututun, an naɗe bututun da zaren da ba ya cin wuta, an janye tiyon mai ya zagaya ta ɗaya gefen, an huda tsagogi a kapo don iska ta fita, sannan radiyata mai layi uku da fankar lantarki. Ya kamata a ce garajin ya yi wannan tun farko, sun san garin da muke ciki.

Waya kuwa haushi. Yaron da aka ba aikin ya haɗa komi da waya kala ɗaya, ja, murɗe da hannu a naɗe da salatif, fis guda biyu tak ga motar duka, wata wayar ma kwance bisa kaifin ƙarfe ba roba. Ruwan farko da ya same ni fitilun baya suka riƙa kamawa in na taka kuloci. Na koma na ce Baba wannan ba aikinka ba ne, bai yi musu ba, ya sa aka sake amma kuɗin waya daga aljihuna. Lokacin da ya ɗiba ma ya ninka, wannan kam duk wanda ya taɓa kai aiki garaji ba sai na faɗa mishi ba.

Waldarshi dai ba ta da abin faɗi. Ya shimfiɗa katako mai kauri ya zana shasin a kai, ya ɗaure kowane bututu kafin ya ɗiga wuta, yana yi yana tsallake daga wannan gefe zuwa wancan don kar zafi ya karkatar da ƙarfen, da ya gama ya auna daga kusurwa zuwa kusurwa da igiya a gabana, bambancin bai kai kaurin ashana biyu ba. Na bi gargada da ita ta jar ƙasa ba inda ya tsage. Mun ɗaga ta fiye da yadda turawa ke yi, mun sa faranti ƙarƙashin karter, duk da haka tudun rage gudu na cikin gari sai a karkace nike hawansu, yashi mai zurfi kuwa kar ma ka fara, ba motar Paris-Dakar ba ce.

Takardu wata magana ce, motar da aka ƙera a gida ba ta zo da lambar shasi ta kamfani ba, shi ya sa tawa a bayan pikap take fita gari mu sauke ta a fili. Ka san da wannan kafin ka zuba kuɗinka.

In za ka sayi 5K a Feray kar ka yarda da wankin da aka yi mishi, yawancinsu sun yi shekaru suna jan lodi da ruwan rijiya a cikinsu. Ka sa a cire famfon ruwa ka leƙa tsatsa, a cire buji huɗun ka jera su ka ga ko akwai mai jiƙe da baƙin mai, a auna matsin kowane silinda, kuma ka ce sai da delkonshi da karburatonshi na asali a cikin ciniki, don in aka cire su daban za a sayar maka.