Hattara da masu tallar kiɗan finafinan ban tsoro kyauta

Jama'a masu editin bidiyo da ƴan TikTok da masu DJ don Allah ku buɗe ido, da Oktoba ta kama sai ka ga an cika Facebook da Telegram da tallar wai tarin kiɗan finafinan ban tsoro kyauta saboda bikin Halloween da ake yi a Amurka da Ingila ranar 31 ga wata. Mu dai ba bikinmu ba ne, amma duk mai haɗa fim ɗin aljanu ko kwamedi yana son irin sautin nan na ƙarar tsohuwar ƙofa da ihu da bugun zuciya, to nan ɓarayin suke ɗana tarko.

Kana danna link ɗin maimakon mp3 ko wav sai fayil mai ƙarewa da apk, wato manhajar wayar Android, ya sauko, a kwamfuta kuma exe ne a ƙunshe cikin zip. Malam ba a instolin kiɗa. Idan ka saka shi zai nemi izinin karanta saƙonninka, kai kuma don gaggawa ka amince, shi ke nan OTP ɗin, wato lambar sirrin da banki ya turo, ɓarawon ya riga ka gani, sai dai ka ji alat na fitar kuɗi kana zaune. Wasu kuma cewa za su yi saka lambar katin ATM wai don tantancewa kawai ba za a cire ko sisi ba, ƙarya ce wallahi.

Akwai masu sayar da lasisin bogi ma, su karɓi kuɗinka su turo wata takarda mai tambari. Kiɗan fim ɗin Halloween na 1978 wanda John Carpenter ya yi yana da masu shi, wani ɗan Telegram ba shi da hurumin sayar maka. Ka ɗora a YouTube Content ID, wato tsarinsu na gano kiɗan da ke da masu shi, ya gane shi, kuɗin talla ya tafi wajen masu haƙƙi ko a toshe bidiyon, in kuma suka kai ƙara ka tara strike uku, wato gargaɗin keta haƙƙin mallaka, ana iya rufe chanel ɗin gaba ɗaya.

Audio Library na cikin YouTube Studio kyauta ne, Pixabay da Freesound ma akwai, ka dai karanta sharaɗin kowane sauti. Wanda ya riga ya saka apk ɗin ya kashe data yanzu, ya goge shi, ya kira bankinsa da wata wayar a toshe kati, sannan ya canza fasuwod ɗinsa daga can.