Emacs: Customize ko rubuta saiti da hannu?

Ƙanena Lawali, na ga tambayarka jiya da dare ina fada a Zango, shayi na biyu bai ma sauka ba. Ka ce ka rubuta (setq fill-column 80), wato layi ya riƙa karyewa a harafi na 80, a init.el, fayil ɗin saitunan manhajar rubutu ta Emacs, ka rufe Emacs ka sake buɗewa, layi yana nan yana karyewa a 70. Ka shiga Customize, shafin Emacs na canza saiti ta cike akwati, ka sa 80, ya kama. Bayan kwana biyu ka koma fayil ka mayar da shi 90, ya ƙi motsi. Shi ne kake tambaya wanne ne na gaskiya a cikin biyun. Duka biyun na gaskiya ne, sai dai girki ɗaya suke yi a tukunya ɗaya, kuma ba sa shawara da juna.

Customize ya shigo Emacs ne a siga ta 20.1, a 1997, Per Abrahamsen ya rubuta shi. Kafin nan kowa da hannu yake rubuta saitinsa da yaren Lisp. Da aka kawo sabuwar hanya ba a kashe tsohuwar ba, aka bar su tare har yau, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali.

Matsalarka ta farko laifin setq ce, umarnin Lisp na ba saiti ƙima. Akwai saituna irin su fill-column da tab-width waɗanda da zarar ka taɓa su da setq, shafin da kake ciki kaɗai suke canzawa. Lokacin da Emacs ke karanta init.el ba a buɗe fayil ɗin aikinka ba tukuna, don haka 80 ɗinka ya faɗa wani shafi dabam. Customize kuwa asalin ƙimar yake canzawa, wadda kowane sabon shafi zai gada. Da ka rubuta setq-default da ka huta. Haka nan akwai saitunan da marubucinsu ya liƙa musu wani ɗan aiki da dole ya gudana idan an canza su. Customize yana kiran wannan aikin, setq ko oho. Gwada (setq display-time-mode t) ka gani, agogo ba zai fito ba. A nan Customize ya yi wa setq fintinkau.

Matsala ta biyu kuwa ta Customize ce, kuma ita ce ke ba ni haushi. Idan ka danna adanawa, ba ya zuwa wani wuri nasa. Ƙarshen init.el ɗinka yake sauka ya rubuta wani dunƙule mai suna custom-set-variables, har da gargaɗin kada ka taɓa da hannu. Emacs daga sama zuwa ƙasa yake karanta fayil, wanda ya zo ƙarshe shi ke da magana. Ko da setq-default ka rubuta 90 a sama, 80 na zaune a ƙasa yana jiranka. In kuma ka juya, ka sa naka a ƙasa, naka zai ci, amma Customize zai riƙa nuna maka CHANGED outside Customize, duk abin da ka adana ta can kuma a banza bayan an sake buɗewa. Ni kaina na taɓa kashe yamma guda a kan wannan, ina zargin kwamfutar, wuta kuma ta ɗauke, batir na ƙarewa, ashe layi ɗaya ne can ƙasan fayil da ban taɓa gangarawa na duba ba.

Ga kuma maɓallansa. Canza lamba a cikin akwati bai canza komai ba, alamar za ta ce EDITED kawai. C-c C-c (wato Ctrl da c, sau biyu) na sa ta aiki a wannan zaman kaɗai, C-x C-s ne ke adana ta don gobe. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, ga shi komai da Ingilishi, sai mutum ya danna na farko ya tashi da murna. Kuma idan da emacs -q ka buɗe, wato ba tare da karanta init.el ba, zai ƙi adanawa gaba ɗaya, don kada ya goge abin da bai karanta ba.

Wajen bincike babu kamar Customize: M-x customize-group (wato Alt da x, sannan ka rubuta sunan umarnin) zai jero maka saitunan rukuni, da bayaninsu, da irin ƙimar da kowanne ke karɓa. Wajen komawa bayan wata shida ka gane dalilin da ya sa ka yi abu, hannu ya fi, tunda kana iya barin wa kanka bayani a gefen layi.

Ni yadda nake yi: ina leƙa Customize in ga suna, in dawo in rubuta da setopt. Wannan ya zo a siga ta 29.1, a 2023, yana kama da setq a rubutu amma yana aiki irin na Customize. Duba sigarka da M-x emacs-version tukuna, domin wadda ke zuwa da Ubuntu 22.04 ita ce 27.1, babu setopt a ciki. In tsohuwa ce, yi amfani da customize-set-variable.

Sannan ka raba musu ɗaki. Ka ba custom-file sunan wani fayil, misali custom.el, ka biyo da (load custom-file t), saboda Emacs ba zai karanta shi da kansa ba. Sa layukan nan biyu a sama, saitinka na hannu a ƙasa. Kada ka yar da fayil ɗin, tun daga siga ta 25.1 jerin fakitin da ka ɗora a can ake rubuta shi. Ka kuma duba ko akwai tsohon .emacs a babban kundinka. Muddin yana nan, shi Emacs zai karanta ya ƙyale init.el.

Yau dai ka buɗe init.el, ka gangara ƙasa, ka nemo fill-column a cikin dunƙulen nan. Kada ka goge da hannu: M-x customize-variable, ka danna State, ka zaɓi Erase Customization. In ya ƙi, kawo kwamfutar fada bayan isha'i, sukarin shayi a kanka.